Kawu da Ɗanɗanon Man Birki

Jiya a gosulon Karu na taka birki ya nutse har ƙasa, sai marigayi kawuna bakanike ya faɗo mini a rai. Shi da harshe yake gano ciwon mota.

Wata rana birkina ya yi haka a Jikwoyi, ga shi zan kai iyali biki garin Uke. Kawu ya tsuguna, ya dangwali danshin gindin taya, ya lasa, ya yamutsa fuska, ya tofar.

"Ɗana, ba yoyo ba ne, mastan birki mai tura man ne ya mutu. Kar ka ɗauki yara."

"To wannan ruwan fa, Kawu?"

"Tambayi akuyar maƙwabcinka."

Allah Ya jiƙanka Kawu, Ya wanke maka bakin nan da ruwan Alkausara.