Turaren Bu Karsih Ba Ya Fita

Duk unguwarmu a Semarang babu wanda bai san shagon Bu Karsih ba, ɗan akurkin nan da ke maƙale tsakanin mai sayar da miyar soto da mai gyaran waya. Bu kowa ke ce mata, wato Mama. Turaren ɗuri take sayarwa. Ka zo da kwalbarka, ta ja ɗanyen turare da sirinji, ta haɗa, ta cika maka. Taƙamarta ɗaya ce: nata ba ya fita. A wanke mayafi har ya koɗe, ƙamshin yana nan daram. Sirrin kuwa wani farin mai ne da take saya a jarka marar suna, "mai riƙo" take ce masa. Inda wasu ke ɗiga shi, ita tuttula shi take yi.

Da sirinjin nan ta raini Ratmi, 'yarta tilo, tun da mijin ya tafi Batam neman aiki bai waiwayo ba. Ba ta kunna fanka, ƙofa kullum a saye, wai kada iska ta sace mata kaya. Gwaji a takarda kuma a wurinta aikin ragwaye ne, turare sai a fata. Fatar kuwa ta Ratmi ce, tun tana 'yar firamare.

Da shekaru suka ja, hancin Bu Karsih ya dakushe. Ana nan Ratmi ta auri Gunadi, ta samu ciki. Masu wannan sana'a kuwa sun yi imani babu hancin da ya kai na mai ciki kaifi. Ai sai uwar ta girke ta a shago daga safe har la'asar. Nduk take ce mata, wato 'yata.

"Nduk, 'yar albarka, shinshina min wannan."

"Bu, wallahi zuciyata tashi take yi."

"Ke tafi can! A nan na raine ki, me ya same ki? Miƙo hannu."

Kaico. Da ta haihu, yaron bakwaini ya zo, ɗan mitsitsi kamar 'yar kyanwa, aka sa shi a akwatin gilashi. Likita ta tambayi aikin Ratmi, sannan ta ce galibi abin da ke sa turare daɗewa wani sinadari ne wai shi fitalet, yana shiga ta fata da numfashi, kuma ana zarginsa da taɓa masu ciki. Ta ce ba za ta rantse shi ne sila ba. Wannan maganar ce ta fi cin ran Bu Karsih, ba a ce ita ce ba, ba a kuma wanke ta ba.

Ta tafi wajen dillalin jarkar a fusace. "Kai, me ke cikin abin nan?"

"Bu, ni ma haka ake kawo min. Ai ke ce kullum kike cewa in ƙaro miki."

Ba ta buɗe shago ba ranar. Burinta ɗaya, ta ɗauki jikanta ko sau ɗaya ne, domin an ce dangi na kusa za su iya shiga in babu ƙamshi a jikinsu. Ta dirje jikinta da sabulun wanki, ta bi da lemun tsami har fatar ta yi ja, ta yanke farce, ta ari riga da mayafin maƙwabciyarta. Ta dama wa mai jego kunun shinkafa, ta nufi asibiti.

A bakin ɗakin jarirai nas ɗin ta tare ta. "Yi haƙuri, Bu, ba a shiga da turare."

"Ni? Na rantse ban shafa komai ba! Shinshina ki ji!"

Bu Karsih ta kai hannunta hanci, ba ta ji komai ba. Ta leƙa ta bayan nas ɗin, ta hango Ratmi zaune, yatsanta ɗaya cikin tafin yaron.

"Nduk, gaya mata mana. Ai na wanke."

Ratmi ba ta ɗago kai ba.

"Tun kina hawowa bene na ji ƙamshinki, Bu. Ai ke kika ce naki ba ya fita."