Da Hannuna Na Goge Muryar Mijina

Edita, sallama gare ka da masu karatu. Ni 'yar zongon Yendi ce, aure ya kai ni Salaga. A lokacin da abin nan ya faru ɗinki nake yi a ƙofar gida, ina da 'ya ɗaya ƙarama, ina kuma da baki, don ba na ganin abu in yi shiru. Mijina fataucin doya yake yi, ya loda a Salaga ya kai Bawku, ya juyo da albasa. Mutum ne mai surutu da dariya, tun yana bakin layi kake jin muryarsa. Na sha ce masa ya rage, maƙwabta ba su yi mana laifi ba. Yau da za a sayar mini da wannan hayaniyar, da keken ɗinkina zan bayar.

Yana da shafi a ɗaya daga cikin kafafen sada zumuntan nan, ni kuwa ƙaramar waya gare ni, ta kira kawai. Duk tafiyar da zai yi sai ya ɗauki bidiyo don 'yarmu. Ya nuna mata kogin da suka tsallaka, ya nuna mata jakunan Bawku, ya kira ta da sunan da shi kaɗai ke kiran ta da shi, ya yi mata wata waƙar shirme da ya ƙirƙira a kan albasa. Wayarsa kullum a cike take, don haka sai ya ɗora su a shafin, a inda shi kaɗai ke gani, ya goge na wayar. In ya dawo mu zauna a tabarma mu kalla. Na taɓa yi masa faɗa a kan haka, ya ce in kwantar da hankalina, shafin nan rumbu ne da gara ba ta ci. Har kalmar sirrin ya koya mini, wai ko don wata rana.

Ranar ta zo. Motarsu ta faɗi bayan sun wuce Zebilla, Allah ya karɓi abinsa, wayar kuma ta ragargaje. Aka kai ni gidansu a Yendi, don shi ma asalinsa can ne, don zaman makoki, a can na fara takaba.

Yayan mijina malami ne, yana karantarwa a zaure, mutumin kirki, ba na so a ɗauka mugunta ya yi mini. Bayan addu'ar bakwai ya sa aka kira ni. Ya ce akwai wani bidiyo a shafin marigayi da aka ɗauka a wani biki a Bawku, yana rawa a tsakiyar makaɗa, maza da mata a cakuɗe, kuma shi mutane suke ta turawa suna rubuta ta'aziyya a ƙarƙashi. Ya ce yana tsoron kada duk wanda ya kalla a ƙara wa ƙaninsa nauyi a kabari, gatan da za mu yi masa shi ne mu rufe shafin gaba ɗaya, kamar yadda ake yi wa mamata a gidajenmu yanzu. Ya tambaye ni ko na san kalmar sirrin. Na tuna da bidiyoyin yarinya, wallahi na tuna. Amma ta yaya mai takaba za ta ɗaga kai a gaban yayan miji da dattawa ta ce a dakata, akwai waƙar albasa? Ni da ake ce wa mai baki, ranar bakina ya mutu. Na ce na sani.

Ya miƙo mini wayarsa na shiga. Turancina ba shi da yawa, amma ya ishe ni in gane abin da aka rubuta. Kamfanin ya tambaya ko ina so in sauke kayan da ke ciki kafin in goge. Ya kuma ce akwai zaɓin a ɓoye shafin kawai, sannan in an goge ma akwai kamar wata guda da mutum zai iya dawowa ya fasa. Na gani da idona. Hawaye na zuba, mutane na jira, na danna na wuce. Malam ya sa mini albarka, ya ce na sauke wa mijina kaya.

A cikin watan nan ba ranar da ban yi tunanin in ari wayar ƙanwata in koma ba. Sai in ji kamar zan tone abin da aka rufe, in mayar masa da zunubin da aka ce na sauke. Na riƙa ce wa kaina ai kamfanonin nan kowa ya san ba sa zubar da komai, abin da suka riƙe sun riƙe, in na fita takaba na nema a nutse. Wannan tunanin ne ya cuce ni.

Da na gama takaba muka koma Salaga. Wata rana ina ɗinki wata motar doya ta tsaya a bakin layi, yarinyar ta ruga da gudu, can ta dawo a sanyaye. Ta zauna kusa da ƙafata ta ce in kunna mata Baba mai waƙar albasa. Na ce gobe. Washegari na tafi wurin wata mata mai shagon waya a kasuwa, muka sa sunan da kalmar sirrin, aka ce babu wannan shafin. Muka sake, muka sake. Ta taimake ni muka rubuta wa kamfanin, suka nemi takardar shaidar mutuwa, na sha wahala na samo na tura. Amsar da ta zo a ƙarshe, da ladabi aka rubuta ta, har da ta'aziyya. Sun ce abin da aka goge ba ya dawowa in wa'adin ya wuce. Sun ce mai yiwuwa wasu bayanai su ci gaba da zama a ma'ajiyarsu na wani lokaci saboda doka da tsaro, amma ba abu ne da za su iya ba wa kowa ba.

Edita, da cewa suka yi komai ya ƙone, da na yi kuka na haƙura. Amma a ce maka wataƙila akwai, sai dai ba naka ba ne? Na daɗe ina kwana da tunanin muryar mijina tana kulle a wani ɗaki a wata ƙasa da ban san sunanta ba, mutanen da ba su san ko ɗanɗanon doyar Salaga ba su ne masu makulli. Raina ya ɓaci ƙwarai, na zage su a gaban mai shagon har ta ba ni ruwa. Amma in zan faɗi gaskiya, sun tambaye ni kafin su rufe. Ni ce na danna.

Daga baya na sayi babbar waya na buɗe nawa shafin. Abin mamaki, ban daɗe ba ya fara jero mini abokan mijina na Bawku, wai ko na san su. Ban san ta inda ya haɗa mu ba, amma dai ga shi bai manta da mu ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina roƙo ko akwai mai wani abu nasa. Hotuna na samu kaɗan. Mai murya kuwa guda ɗaya tak ya rage a duniya, kuma kusan kowa yana da shi a wayarsa: bidiyon bikin nan. Wanda muka goge komai dominsa, shi ne bai gogu ba.

Da na je Yendi na gaya wa Malam. Ya ce, da muryar kuka, don me ban faɗa masa ba, shi da bai san da bidiyoyin yarinya ba, ai da wancan ɗayan kawai za a cire.

Abin da nake so in gaya wa 'yan'uwana shi ne, shafin nan ba rumbunka ba ne, ɗakin haya ne a gidan wani. Abin da kake ƙauna ka sauke shi ka ajiye a hannunka, ka ba wa wani naka ya ajiye. In an yi rasuwa kada a yanke hukunci a kan shafin mamaci ana cikin kuka, a cire abin da ake tsoro, a bar wa marayu nasu. Wanda kuma ya san akwai abin da za a rasa, ya buɗe baki ko a gaban wa yake, kunyar minti ɗaya ba ta kai wannan ba.

'Yata ta shiga makaranta yanzu, waƙar albasa ta ɓace mata, ni ma rabi kawai nake tunawa. In ta matsa sai in kunna mata bidiyon bikin, in yi wa mahaifinta addu'ar gafara a zuciyata. Ganguna sun rufe kusan komai. Sai dab da ƙarshe yake juyowa yana haki yana dariya, ya ce wa mai ɗauka ya daina, kada matarsa ta gani. A nan ne yarinyar take sa yatsa ta mayar baya, ta kara wayar a kunnenta.