Malam Harisu da Laujen da Ke Cikin Jini

Da gari ya yi haske, Malam Harisu yakan turo kekensa zuwa ɗakin shan magani na garinmu, nan kan hanyar Baure. Ba ya taɓa komai sai ya wanke ƴan gilasansa ya shanya a taga. Sannan ya fito da madubin nan mai girmama ƙanƙanen abu, ya juya shi ya kalli rana, tun da mu ba mu ga lantarki ba. A sunkuye yake wuni, ido ɗaya a rufe. Haka yake tun kafin yaƙin basasa. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, ban kuwa ji wanda ya ce a taru a yi masa ko da fatiha ba.

Ni ban yi boko mai nisa ba, amma ya taɓa ɗora idona a kan madubin. Ya ce jikin mutum gini ne, tubalinsa ƙwayoyin halitta, waɗanda ido ba ya gani. Kowace da fatarta, tana ci, tana shaƙar iska, tana zubar da dattinta. In ta ƙosa ta rabu biyu, in ta tsufa wata ta gaje ta. Jajayen da ke cikin jini kewayayyu ne kamar faifai, aikinsu dakon iska zuwa kowane lungu na jiki. Na gani, na yi tasbihi.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kowa a garin nan ya san Laraba matar Maliki manomi. Ƴaƴanta sukan kumbura hannu da ƙafa, su yi ta ihu, su koma. Da fari aka ce wabi take yi. Da na ƙarshen, Auta, ya kwanta, sai magana ta juya: wai mayya ce, ita ke kama kurwar ƴaƴanta. Dangin miji suka sa rana za a fito da ita tsakar gida ta tsallake yaron a gaban jama'a, yadda ake yi wa maye don ya saki. Macen da aka sa ta tsallake ɗan cikinta, ina za ta sake ɗebo ruwa a rijiyar garin nan?

Harisu ya ji, ya tari Maliki a bakin masallaci.

"Baba Maliki, kawo yaron da uwarsa. Kai ma ka zo da yatsanka."

"Ni? Malam, ni da nake saɓa buhun gero? Lafiyata lau!"

"Ai ba buhu zan duba ba. Ko tsoron allura kake?"

Ya ɗiga jinin su ukun a gilashi, ya liƙe gefen da mai don kada iska ta shiga. Kashegari, ina zaune, ya ce Maliki ya leƙa.

"Me ka gani?"

"Lauje! Wallahi lauje birjik, kamar ranar girbi."

"Na Auta ke nan. Ƙwayar ta lanƙwashe, tana maƙalewa a jijiya, shi ya sa yake ihu. Leƙa wannan."

"Akwai su nan ma."

"Na Laraba ne."

Maliki ya ɗago ya dube mu, kamar wanda ya ci shari'a. Harisu ya sa gilashi na uku.

"Wannan fa?"

"Har ya fi nata."

"To naka ne, Baba. Rabi daga gare ta, rabi daga gare ka, suka haɗu a jikin yaro. In za a yi tsallake, sai ku tuɓe takalmi ku biyu."

Maliki ya miƙe. Ya goya ɗansa, ya sa matarsa a gaba, ba a kuma yi tsallaken ba.

Sai garinmu ya nuna halinsa. Bakin da aka hana cin naman Laraba bai rufe ba, ya koma kan Harisu. Wai wa ke tara jinin mutane a kwalba in ba maye ba? Mai fura ta daina tsayawa a ƙofarsa. Iyaye mata suka riƙa jan ƴaƴansu in kekensa ya ɓullo. Waɗanda ya gano wa zazzaɓi a jini, su ne suka fi kowa yaɗawa. Yau kuwa ɗan kwangilar da ya bar mana rabin gada, in ya shigo da Fijo, maroƙa har faɗuwa suke yi. Wannan shi ne zamanin kuɗin mai.

Malam Harisu, kai ne ka cire wa baiwar Allah rigar da aka ɗinka mata, ka sa a wuyanka, ba ka kai ƙara gun Dagaci ba, ba ka nemi canjin gari ba. Masu zaginka da safe su ne masu miƙo maka yatsa da hantsi, ka kuwa duba musu tsakani da Allah. Na gode maka, Allah ya saka da Aljanna.

Ku samarin da ke rububin kwangila da fataucin kan iyaka a Kongolam, a samu ɗaya ya je ya koyi aikin nan tun mai shi yana gani. Ku kuma dattawa ƴan uwana, Laraba tana ɗakinta, Auta yana zuwa makarantar allo da ƙafarsa. Sunan da kuka laƙa wa mutumin nan har yau yana kansa. Ku je ku cire shi da bakin da kuka sa, kafin wata ya mutu.