Abin da Yaya Sale Ya Gani da Abin da Muka Kalla

Shekara goma sha ɗaya ke nan cif da muka kai yayana Sale makwancinsa a nan Daura. Ban saba rubuta komai a kansa ba, addu'a nake yi masa in yi shiru. Bana dai shirun ya ƙi yiwuwa. Ɗansa Hamza, wanda ya girma a hannuna, ya kawo mini takardar neman shiga soja, yana so in sa hannu a matsayin mai tsaya masa, tun da ni ne ubansa yanzu. Tun ranar da na karɓe ta Yaya bai fita daga raina ba.

Yaya Sale tsohon soja ne. An taɓa tura su wata ƙasa aikin kwantar da tarzoma, ya dawo da kunne ɗaya a toshe, da wata ɗabi'a ta ƙin zama inda zai ba ƙofa baya. Da ya bar aiki sai ya buɗe gidan kallo a bayan tashar mota: rumfar kwano, benci takwas, talabijin ɗaya, da injin wuta mai tari kamar tsoho. Ƙwallo ce ke riƙe da gidan. Amma ranar da babu wasa, bayan la'asar, fim ɗin yaƙi ake sawa, kuma ranar ce wanda ya makara sai tsayuwa.

'Yan kallonmu kuwa alƙalai ne, kowa da hukuncinsa a baki. Ma'auninsu biyu ne, jini da ƙara. In harsashi ya ɗaga mutum sama ya maka shi da bango, sai rumfa ta ɗauka, “Wannan shi ne yaƙi!” In akta ya kwantar da mutum talatin ko hularsa ba ta karkace ba, ba mai cewa uffan. Ina cikinsu, kuma bakina ya fi na kowa. Yaya yana gefen ƙofa yana girgiza kai, wani lokaci ya kasa daurewa ya ce, “Ba haka ake faɗuwa ba. Mutum zama kawai yake yi, kamar gajiya ta kama shi. Akwai ranar da...” Ba ya kaiwa ƙarshe, wani zai ɗaga murya, “Oga Soja, a bar mu mu ji mana!” Wani tela mai suna Ɗanlami ya taɓa ce masa, “Kai dai faɗi gaskiya, girki ka yi musu a can.” Aka fashe da dariya, har da ni. Yaya ya yi murmushi, ya tashi ya ƙara wa talabijin murya.

Sau ɗaya ya samo wani fim ya ce wannan ya ɗan kama hanya. Sojoji ne a cikin rami suna jira, suna rabon ruwa da murfin gora, ba su ma san ta inda ake harbinsu ba. Kafin a kai rabi rumfa ta watse. Aka ce fim ɗin ƙarya ne, ai yaƙi ba zaman jiran mota ba ne. Daga ranar bai sake gyara wa kowa kallo ba. An ce gani ya kori ji, to mu abin da gilashin talabijin ya nuna mana shi muka ɗauka gani, muka mai da wanda ya je ya dawo mai shaci-faɗi.

Yau rumfar ta zama shagon cajin waya, yaƙi kuma ya shigo aljihu. Samari na zaune suna kallon jirgi marar matuƙi yana bin mutum ɗaya a fili kamar shaho da ɗan tsako, suna gardama ko na fim ya fi ko na gaske. A zamanin Yaya, yaƙi abin wasu ƙasashe ne da ba mu iya faɗin sunansu ba. Yanzu direban da ya taso daga yammacin jiharmu yakan sauka a tasha ya ambaci ƙauyukan da ya wuce ba kowa, sai awaki. Mu nan Daura da sauƙi, alhamdu lillahi. Sai dai gemun ɗan'uwa ne ke ci da wuta, mu kuma maimakon neman ruwa mun gyara zama muna kallo. Wannan ke ba ni tsoro fiye da bindigar kanta.

Watan jiya, da hantsi, muna majalisa a ƙofar shagona sai wata waya ta zagayo ɗauke da wani bidiyo. 'Yan bindiga ne suka tare motar fatake a hanyar daji, wani ya ɗauka daga nesa. Wani mutum mai farar riga yana tsaye, aka ji ƙara kamar an karya karan dawa, sai ya zauna a ƙasa ya jingina da taya. Ba jini, ba ihu. Nan take musu ya kaure. Hamza ya ce, “Baffa, haɗi ne. Irin wannan bindigar ai jifa take yi da mutum.” Na karɓi wayar, na mayar da bidiyon baya har sau biyu, na ce wallahi haɗi ne, ko wasan yara ya fi wannan tsari. Ni ne na faɗi haka, ni da na ji Yaya da kunnena.

Bayan kwana biyu muka tafi Baure gaisuwar mutuwa, ni da Hamza. Malam Idi ne ya rasu, falken dabbobin da muke sayen ragon layya a wurinsa shekara da shekaru. A kan tabarma ƙaninsa ya ce a cikin bidiyon nan da ke yawo suka gane shi, ta rigarsa da tsayuwarsa. Ana fatiha, hannuna a sama, ni kuwa abin da nake tunawa shi ne sau biyu na maimaita mutuwar bawan Allah don in duba ko ya iya wasa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Na ɗauka abin zai sanyaya wa Hamza gwiwa. Ashe ƙara masa ƙaimi ya yi. A hanyar dawowa ya ce, “Baffa, in kowa ya zauna, wa zai tare su kafin su iso nan?” Gaskiya ya faɗa.

Me Yaya zai yi da yana raye? Ban taɓa jin ya zagi kaki ba, kuma ba na jin zai hana ɗansa. Abin da na tabbata shi ne zai zaunar da shi ya gaya masa komai tiryan-tiryan, yadda yaron zai tafi da idonsa a buɗe. Yaƙi ɗan zamba ne, bai kamata a shige shi da ilimin rumfa ba.

Shekaranjiya Hamza ya same ni ya ce, “Baffa, ina ƙarami Baba ya rasu. Me ya gaya muku game da can?” Na buɗe baki, na laluba, ban samu komai ba sai guntayen maganganun da muka katse. Yaya ya bar gida, ya bar suna mai kyau, ya bar ɗa mai zuciya irin tasa. Amma gadon da yaron ya fi bukata yau, shi ne wanda muka sa ubansa ya tafi da shi kabari. Allah Ya jiƙan Yaya Sale, Ya yafe mana dariyarmu.

Na sa hannu a takardar. Ranar Litinin Hamza zai hau motar Katsina da jaka ɗaya, kuma duk abin da ya sani game da yaƙi a gilashi ya koye shi, kamar baffansa.