Aron Gonar Alhassan

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar Agiye da matacciyar waya ya san rumfar Sabi'u mai caji. Tana gefen masu shayi, da allon sola a kan rufinta, wayoyi jere bisa katako. Ni a meri nake aiki, wato ofishin magajin gari, sashen takardun haihuwa, kuma tun ina sabon ma'aikaci a bencin rumfarsa nake cin abincin rana. Mushe suke ce mini, kalmar girmamawa ta Faransanci da ake kiran ma'aikaci da ita a nan. Yawancin abin da zan faɗa a kansa a gabana aka yi. Wanda ba a gabana aka yi ba, zan ce ji na yi.

Sabi'u dogo ne siriri, ba ya da yawan magana. A da ma bakinsa ba ya buɗewa sosai sai in Alhassan yana wurin. Alhassan ɗan kawunsa ne, daga wani ƙauye kusa da Gidan Rumji, ya zo Agiye yana kabu-kabu da moton wani, wato babur. Ɗan mace da ɗan namiji ne, abokan wasa, kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa.

Wata shekara bayan kaka suka je Katsina sayen kayan caji, suka dawo kowa da ƴar na'urar wasa ta hannu, irin na gwanjo. Ta Sabi'u baƙa ce mai allo ɗaya mai faɗi, ana ce mata Pe-es-pe. Ta Alhassan fara ce, tana ninkewa biyu, allo sama allo ƙasa, da ɗan tsinken da ake taɓa na ƙasan da shi. Ita ce De-es. Daga ranar nan gardama ta samu wurin zama a rumfar.

"Mushe, don Allah dubi nan," in ji Sabi'u, yana tura mini tasa na'urar, wasan balo, wato ƙwallon ƙafa, na gudana a allonta. "Ƴan balo ne sak, har gumi suke yi. Shi ko bawan nan nawa ya tahi Katsina ya sayo madubin kwalliya."

Alhassan ya ce, "Ƴan balon da ba su kai la'asar? Mushe, tambaye shi sau nawa ya sa ta caji yau. Ba don mai caji ne ba da tuni ya kai ta kasuwa. Tawa ko, in na cika ta, sai in je Gidan Rumji in komo ba ta ko yi hamma ba."

"Don ba ta aikin komi. Jaki ma in yana kwance ba ya jin yunwa."

Ni suka mayar alƙali, na kuwa gwada duka biyun a natse. Pe-es-pe ta fi kyawun hoto da sauti, babu ja. Wasanninta ma sun fi sauƙin samu, don katinta ake kai wa yaran Katsina su cika shi: balo, tseren mota, dambe, yaƙin sojoji. Har wa'azi Sabi'u yake sa mata. Aibinta cin batir. De-es kuwa hotonta kamar zanen yara, wasanninta a wasu ƴan katuna suke zuwa, kowane wasa da nasa, kuma da wuya a same su a nan. Kaɗan Alhassan yake da su. Akwai na lissafi, akwai na renon ɗan kwikwiyo wanda ya ɓoye don kunya, sai na noma. Abin da na fi lura da shi shi ne, in Sabi'u ya kunna tasa samari ke taruwa a bayansa ana ihu. In Alhassan ya buɗe tasa, kansa yake sunkuyarwa ya yi shiru, kamar ya bar garin. Ban taɓa yanke hukunci ba, su ma ba na jin suna so a yanke.

Wasan noman nan shi ya ci zuciyar Alhassan. Ana ba ka fili da ɗan gida da garke, ka share, ka shuka, ka yi ban-ruwa, ka girbe. Akwai dankali, tumatir da masara, akwai lokacin da ƙanƙara ke rufe ƙasa.

"Gonar da ba gero cikinta ba gona ba ce," in ji Sabi'u. "Kuma ka baro ta gaskiya a ƙauyenku ka zo nan kana noma da tsinke."

Wannan ce kaɗai tsokanar da Alhassan ba ya ramawa. Ji na yi gonar mahaifinsa, da aka raba ta tsakanin ƴaƴa, kasonsa bai kai a ɗaure akuya ta yi kiwo ba. Sai dai ya rama ta wani gefen. Da ya samu saniya a wasan, aka ce ya raɗa mata suna, sai ya sa mata Sabi'u. Kullum zai ɗaga murya masu shayi su ji: "Sabi'u ta ƙoshi yau!" Ko kuma, "Ku yi haƙuri jama'a, zan tatsi Sabi'u."

Ya yi aure, matarsa Lubabatu ta samu ciki, mai moto kuma ya karɓe motonsa. Sai Alhassan ya yanke shawarar bin sahun masu zuwa Libiya neman aiki. Ranar tafiyar, da hantsi, ina kan benci ya zo da jakarsa, ya ajiye De-es a gaban Sabi'u.

"Bawana, ga gonata nan amana. In na tahi da ita karɓe ta za a yi bisa hanya. Ka riƙa ba Sabi'u ciyawa kullum, ko rana guda ka tsallake mutuwa za ta yi. Ka yi ban-ruwa. In na komo na iske ta bushe, kai da Allah."

"Ni zan taɓa wannan madubin? Allah shi kiyaye."

"Za ka taɓa, ai aikin bawa ne."

Suka tafa, ya shiga mota. Ya kira daga Agadas, ya sake kira daga wani gari cikin Libiya ya ce ya samu aikin gini. Da Lubabatu ta haihu ya aiko a sa wa yarinyar Dija, sunan mahaifiyarsa. Bayan wannan ba a sake jin muryarsa ba.

Kashegarin tafiyarsa na iske Sabi'u ya buɗe De-es yana zumɓura baki. Wasan da Faransanci yake magana, shi kuma bai yi nisa a lakol, wato makarantar boko, ba, don haka ni nake karanta masa har ya haddace wuraren taɓawa. Ya tsayar da lokaci, kullum bayan azahar: ciyawa, tatsa, ban-ruwa, sannan ya rufe. Tsinken ya ɓace, ya feƙe guntun asuwaki. Wurin ninkewar ya tsage, ya ɗaure da roba. Duk wannan bai hana shi zagin na'urar ba. "Dubi hoto kamar na allon lakol," zai ce, yana zuba wa tumatir ruwa.

Wata damina zazzaɓi ya kwantar da shi kwanaki, bai san inda kansa yake ba. Da ya farfaɗo ya aika a kira ni gida. Na same shi a tabarma, De-es a gefensa, ya kasa buɗe ta.

"Mushe, duba mini. Na san ta mutu."

Na buɗe. Saniya na tsaye tana kaɗa wutsiya, shuka kore shar, ranar da ke rubuce a allo ita ce wadda ya bari. A nan ni ma na gane. Na ce masa wasan ba ya tafiya sai an kunna shi. In an rufe, rana tsayawa take, ko shekara za a yi saniya ba ta jin yunwa.

Ya kalle ni, sai ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi.

"Ɗan banza! Ya sani sarai. Yana can ya maishe ni bawa, ina mashi bauta kyauta!"

Ya yi ta dariya har hawaye suka zubo, ya juya fuska bango. Na ɗauka shi ke nan zai huta. Ranar da ya koma rumfa, bayan azahar, ya ciro guntun asuwakinsa.

Shekaru suka tafi. Manyan wayoyi suka cika gari, samari suka daina taruwa a bayan kowa, Sabi'u ya sa Pe-es-pe a gwangwanin madara ya rufe. Dangi suka nemi Alhassan ta bakin duk wanda ya dawo daga can, ba labari. Daga baya malamai suka ba Lubabatu damar yin aure, ta auri wani mai sayar da taki a Gazawa. Aka yi wa Alhassan sadaka a ƙauyensu, aka raba tufafinsa. Sabi'u bai je ba. Ranar ya buɗe rumfa kamar kullum, wanda ya yi masa gaisuwa sai ya ce, "Gaisuwar mi?"

Bara, cikin hutun lakol, Lubabatu ta zo rumfar ranar kasuwa da Dija, yarinya ta tasa har ta kai kafaɗar uwarta. Bayan gaisuwa Lubabatu ta ce, "Yaya, roƙo na zo. Yarinyar nan ba ta da komi na ubanta. Tufafi ƴan'uwa sun raba, fili babu. An ce akwai abin wasanshi wurinka. Ka ba ta, ta riƙe abin da hannunshi ya taɓa."

Sabi'u ya ci gaba da jera wayoyi. "Gado kike nufi. Gado sai mutum ya mutu ake raba shi. Wa ya ga gawarshi?"

"Ni ma ban gani ba, Yaya. Ka san iyakar jiran da na yi."

"Ban ga laihinki ba. Amma amana ya ba ni, ya ce in ya komo. In na miƙa ta da hannuna, na ce ba ya komowa ke nan."

Lubabatu ta share ido da bakin mayafi. Dija ce ta matso. "Baba Sabi'u, to in gani kawai."

Ya jawo durowa, ya ciro De-es ya warware robar. Yarinyar ta zauna kusa da shi tana karanta Faransancin da ke allo da kanta. Ya nuna mata gidan, da layin masarar da ubanta ya fara ja, wanda bai taɓa sauya wa wuri ba. Da suka shiga garke ta karanta sunan saniyar, ta ɗago ta kalle shi, ta sake kallon allo. Sai ta kece da dariya, ta jefa kai baya tana bugun cinya. Ni da ke gefe nan take na tuna haka Alhassan yake dariya, ita kuwa ba ta taɓa ganinsa ba.

"Baba, shi ya sa mata?"

"Wa zai yi wannan rashin kunya in ba ubanki ba?"

"An ce kai ma kana da taka. Wace ta hi kyau?"

"Tawa mana! Wannan har abin tambaya ne? Ubanki bai san abin kirki ba." Ya daɗe yana kallon yarinyar tana tatsar saniya da guntun asuwaki. Can ya juyo gare ni.

"Mushe, kai ne shaida. Gado ban ba da ba. Aro ne, kamar yadda ake aron gona in mai ita ya yi tahiya. Dija, kin san ƙa'idar aro?"

Ta girgiza kai.

"Ba a dasa itace a gonar aro, don mai dasa itace cewa yake tashi ce. Ba ki saida saniya. Duk hutu ki kawo in ga amfanin da kika samu. Ran da mai gona ya komo, ki maida mashi abinshi ba gardama. Kin yarda?"

"Na yarda, Baba."

"Kuma ki ba ta ciyawa kullum. Ko rana guda kika tsallake mutuwa za ta yi."

Ya harare ni ta gefen ido. Na rufa masa asiri.

Suka hau moto zuwa Gazawa, De-es a ƙulle cikin mayafin Dija. Kwanakin da suka biyo baya, in an idar da azahar sai in ga hannun Sabi'u ya nufi durowa, ya tsaya a hanya. Ya ciro Pe-es-pe daga gwangwani, ya tarar batirinta ya kumbura. Ya haɗa ta da waya kai tsaye, ya buga balo kaɗan, ya ci, ya waiwaya bayansa, babu kowa. Ya mayar da ita.

Bayan kaka, ina cin abinci a bencin, wayarsa ta yi ƙara. Lambar Lubabatu ce, amma muryar Dija ta fito, har masu shayi suna ji.

"Baba Sabi'u! Sabi'u ta haihu!"

Masu shayi suka tuntsire da dariya, har da waɗanda ba su san mafarin zancen ba.

"Madalla," in ji Sabi'u, fuskarsa a murtuke. "Allah shi raya."

"An ce in sa ma ɗan maraƙin suna. Mi zan sa?"

Ya ɗaga kai ya kalli hanyar da motocin yamma ke shigowa. Murmushi ya fara daga gefen bakinsa.

"Sa mashi Alhassan," ya ce. "Ki rubuta da manyan baƙaƙe, yadda in ya buɗe shi zai fara gani."