Ƙafar Filogin Da Na Karya A Yankara

Lokacin da wannan abu ya faru ina da shekara ashirin da bakwai, ni ne mai kula da kayan sauti a ƙungiyar wani mawaƙi mazaunin Ƙanƙara. Biki, suna, taron 'yan kasuwa, daga Faskari har Sabuwa babu inda ba mu zuwa. Aikina in loda kaya, in kafa lasifikoki, in ja wayoyi, in zauna bayan miksa ina daidaita sauti. Na iya aikin, ba yabon kai ba, amma kaina ya yi girma. Abokan aiki kan tsokane ni da injiniyan da bai taɓa shiga aji ba, ni kuma in ce musu kunnena ya fi takardarsu. Wannan jin kan ne ya kusa sa in kashe mutumin da ya koya mini sana'a, kuma shi ya sa na rubuto muku.

Maigidan namu, wato mawaƙin, mutum ne mai ladabi ƙwarai. Duk inda muka je, idan ya zo kan waƙe dattijo, sai ya sauko daga dandamali, ya tuɓe takalmansa, ya durƙusa gabansa yana waƙa. Dattawa na ƙaunarsa saboda haka. Yana kuma da doka ɗaya da ba ya wasa da ita: kafin a tayar da janareto sai an kafa turken ƙarfe a ƙasa an ɗaura masa waya, kuma kowane filogi ya kasance da ƙafafunsa uku. Ya sha faɗa mini cewa doguwar ƙafar nan ta sama ita ce ke kwashe wutar da ta ɓace hanya ta kai ta ƙasa, maimakon ta bi ta jikin mutum. Ina amsa masa da to, amma a raina ina ganin tsoro ne irin na manya.

Wata damina wani Alhaji, babban manomi a Yankara, ya gayyace mu bikin ɗansa. An yi ruwa da asuba, motarmu ta kafe a laka, ba mu isa ba sai bayan azahar. Ga shi dole mu tashi da la'asar, domin ba mai son yamma ta same shi a wannan hanyar. Na haɗa kaya a gurguje, na kai janareto bayan katanga don kada ƙararsa ta shiga waƙa. Ina kunna amfilifaya sai lasifikoki suka ɗauki gurnani, irin na ƙudan zuma a cikin tulu. Na canza waya, na rage sauti, na ƙara, gurnani na nan. Mutane sun cika rumfa, mata na leƙe ta zaure, abokan ango sun fara cewa ko injiniya ya manto ilimin a gida ne. Alhaji ya aiko sau biyu yana tambaya ko lafiya. Gumi ya jiƙa mini riga.

Na san wata dabara da na gani wurin wasu masu kaya. Na juya baya, na zare filogin amfilifaya, na sa filaya na karya doguwar ƙafar, na jefa ta aljihu. Ina mayarwa gurnani ya ɗauke ɗif. Aka yi mini tafi, har wani ya ɗaga hannuna sama. Da na dafa jikin miksa sai na ji ɗan tsikari a yatsa, kamar cizon tururuwa. Na san abin da yake nufi: gurnanin nan ba banza ba ne, akwai wayar da ta goge a ciki saboda jijjigar hanya, wuta na taɓa ƙarfen. Amma na ce wa kaina ina sanye da takalmin roba, dandamali katako ne, maigida kuma makirfo marar waya yake riƙewa. Awa biyu ce kawai, in mun koma gida na gyara.

Waƙa ta yi daɗi, wuri ya ɗauka. Ana tsakiyar waƙa ta huɗu muryar maigida ta fara yankewa, batirin makirfonsa ya mutu, sauran kuma suna cikin jakar da muka bari a mota. Ya miƙo mini hannu yana ci gaba da rangaji don kada kiɗa ya faɗi. Ni da hannuna na ɗauki makirfo mai waya, mai jikin ƙarfe, na miƙa masa. Gabana ya faɗi, amma na ga yana kan katako da takalmansa, na yi shiru. Sai na ji ya ambaci Alhaji. Na ga ya nufi matakala. Na ga ya tsaya ya zare ƙafa ɗaya daga takalmi, sannan ɗayar. Ƙasar gaban rumfar a jiƙe take sharkaf. Na buɗe baki in yi magana, amma me zan ce a gaban jama'a, in ce na karya dokarsa? Wannan ɗan jinkirin ne ba zan taɓa yafe wa kaina ba.

Yana taka ƙasa muryarsa ta tsinke. Jikinsa ya sandare, hannunsa ya damƙe makirfon ya ƙi saki, leɓensa manne da ƙarfen. Wasu sun zaci salon wasa ne, har wata ta rangaɗa guɗa. Alhaji ya miƙe zai riƙe shi, sai Baba mai kalangu, dattijon ƙungiyarmu, ya bangaje shi gefe yana ihu kada kowa ya taɓa shi. Ni kuma na ruɗe, maimakon in zare filogin da ke gabana sai na ruga bayan katanga wajen janareto, na zame a laka, na tashi, na kashe. Kafin in dawo Baba ya riga ya fizge wayar da makaɗinsa na itace. Maigida na kwance ba ya motsi. Sai da aka yi ta danna masa ƙirji sannan ya ja numfashi, aka ɗauke shi zuwa asibiti.

Ya rayu, amma yatsu biyu na hannun damansa sun ƙone, har yau ba su miƙewa. Kafin mu bar garin magana ta bazu cewa jifa aka yi masa, wai masu baƙin ciki da ɗaukakarsa ne. Na ji, na yi gum. Na gyara amfilifaya a ɓoye, na sa sabon filogi, amma guntun ƙarfen nan na kasa yar da shi. Sati uku ina zuwa gaishe shi da shi a aljihuna. Rannan ya ce mini ya yanke shawarar barin waƙa, tunda har an kai ga neman ransa, kuma ya fara zargin wani mawaƙi abokinsa na tun ƙuruciya. A nan na kasa daurewa. Na ciro ƙarfen na sa masa a tafin hannunsa mai lafiya, na faɗa masa komai ina kuka. Ya daɗe yana juya shi. Bai zage ni ba. Ya tambaye ni kawai ko na ga lokacin da yake tuɓe takalmi, na ce na gani. Ya ce in tashi in tafi, Allah Ya yafe mana baki ɗaya.

Bayan wata biyu ya aiko in dawo aiki, ya ce wanda ya ga abin nan da idonsa ya fi sabon hannu. Yanzu ba na tayar da janareto sai na kafa turke, na bi kowane filogi, na gwada jikin kowane makirfo da tasta mai nuna wuta, batiri kuma a aljihuna yake kwana. 'Yan'uwana masu kayan sauti, in lasifika ta yi gurnani ku nemi dalili, kada ku rufe mata baki. In kun ji tsikari a jikin kaya, ku kashe wuta ko da gwamna ne ke jira. Dariyar abokan ango ta yini ɗaya ce.

Maigida ya koma waƙa, da hagu yake riƙe makirfo. Sai dai tun daga ranar bai ƙara tuɓe takalmi a filin wasa ba, ya ce ƙafarsa ba ta yarda. Kwanan baya a Sabuwa na ji wasu dattawa biyu a bayana suna cewa yaron nan a da mai ladabi ne, yanzu suna ya sa ya fara taka gaban manya da takalmi. Ina zaune bayan miksa ina jin su, na kasa ɗaga kaina.