Gutsuren da Maganadisu Ya Ƙi Ja

Shekara huɗu ke nan, amma ban manta da Talatar da kwamitin tantance kaya ya shiga ɗakin gwajinmu ba. Ina koyar da fiziks a wata kwaleji kusa da Kafanchan, a lokacin kuma ina neman digiri na uku.

Bincikena ya dogara ne kan wani gutsure da bai kai farce ba. 'Yan mitsi-mitsin ƙwayoyin lantarki da ke cikin kowane abu suna juyi kamar katantanwa. A ƙarfe juyinsu gefe ɗaya ne, shi ya sa maganadisu ke jan sa. A gutsurena kuwa, wannan na juyawa dama, maƙwabcinsa hagu, sai maganadisu ya rasa abin ja. Duk da haka juyin na ratsa shi ba tare da wuta ta bi ba, kuma da irinsa ake fatan ƙera na'urorin da ba sa zafi. Shekara biyu ina roƙon wata ƙawata da ke karatu a waje kafin ta aiko min. Ranar Juma'a zan kai shi jami'a a auna.

Ƙa'ida ita ce ba a fitar da kaya sai mai shi yana wurin. Ina aji kwamitin ya yi aikinsa. Na dawo na tarar da akwatin gutsuren wayam, na nufi shugaban sashenmu, Oga Bitrus.

"Madam Tabitha, kwantar da hankali," in ji shi. "An rubuta kayan maganadisu a akwatin. Na sa magnet da hannuna, bai kama ba. Wannan ƙawar naki ya turo miki jabu."

"Oga, ƙin kamawan shi ne aikinsa! Ina yake?"

"Yana bola. Ki rubuta a turo wani mana."

Na ruga bayan ɗakin gwaji, na samu an riga an cinna wa sharar wuta. Na tona tokar da hannu, ɗalibai suna kallona, ban sami komai ba. Wa'adin karatuna ya ƙare a shekarar, digirin ya tafi.

Ku da kuka shigo aiki yanzu, wanda bai sani ba bai cika ɓarna ba, don yakan tambaya. Ku ji tsoron wanda ya san kaɗan kuma makulli yana hannunsa. Daga ɗakin gwajin zuwa ajin da nake ranar, ƙofa biyu ce kawai.